Dangin Agugu a Ƙasar Rana: Daga Tukunyar Ado zuwa Fadamar Jega

Wannan sharhi ya shafi wani rukunin tsirrai da ba kasafai manoman Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi suke sanya shi cikin lissafinsu ba, wato tsirran da ba sa fure, ba sa 'ya'ya, ba su kuma da irin da ake zubawa a rami a rufe da ƙasa, amma duk da haka sun bazu a duniya tun kafin bayyanar itatuwa masu fure. Masu maganin gargajiya a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin ɗaya daga cikinsu da sunan agugu, wanda ake amfani da saiwarsa wajen fitar da tsila daga ciki, kuma likitan nan masanin tsirrai, J. M. Dalziel, ya ambace shi a littafinsa na sunayen tsirran ƙasar Hausa da aka buga a 1916, tare da wani ƙaramin ɗan'uwansa da ake kira mashin zomo. Don haka a cikin wannan sharhi za a riƙa kiran rukunin baki ɗaya dangin agugu. Abin da ya jawo maganar shi ne yadda masu sayar da shuke-shuken ado a manyan biranen Arewa suke kawo wasu nau'o'insa daga Kudu, masu sababbin gidaje da masu kula da harabar ofisoshi kuma su saya su dasa a tsakiyar fili saboda kyan ganyensa mai tsaga-tsaga, sai kafin wata biyu ganyen ya ƙone ya kakkarye, a ɗora wa rana laifin. Rana tana da hannu a ciki, amma hannunta bai kai yadda ake zato ba, kuma wanda ya gane ainihin abin da ke kashe tsiron zai gane cewa akwai ɗan wannan dangi da ya fi na ado amfani ga manomin fadama nesa ba kusa ba.

Masana sun ƙidaya nau'o'in dangin agugu sama da 10,000, kuma burbushinsu da aka tono a cikin duwatsu ya nuna cewa sun wanzu tun fiye da shekara miliyan 350 da suka gabata. Mafi yawansu karansu yana kwance ne a ƙarƙashin ƙasa ko a samanta, ganyen kuma yana ɓullowa a naɗe, sannan ya riƙa warwarewa a hankali har ya miƙe. Idan aka juya bayan ganyen da ya ƙosa, za a ga ɗige-ɗige masu launin ƙasa a jere, waɗanda masu lambu da yawa suke ɗauka ƙwari ne ko cuta har su yi musu feshi, alhali kuwa su ne taskar haihuwar tsiron, domin a cikinsu ake samun wata ƙura mai laushi da iska take kwasa ta watsa, wadda za a kira ƙurar haihuwa. Wannan ƙura idan ta faɗa wuri mai danshi ba ta tsirowa kai tsaye ta zama agugu, sai ta fara zama wani ɗan fallen abu kore da faɗinsa bai cika santimita 1 ba, wanda a jikinsa ne sassan namiji da na mace suke fitowa, kuma ƙwayar namijin dole ta yi iyo a cikin ɗan siririn ruwan da ke kwance a ƙasa kafin ta isa ga ta macen. Bajamushe Wilhelm Hofmeister ne ya fayyace wannan zagaye na rayuwa mai hawa biyu a 1851. A nan ne asalin alaƙar dangin agugu da laima take, domin ko da babban tsiron ya iya jure fari, haihuwarsa ba ta yiwuwa sai da ruwa kwance.

Sai dai buƙatar ruwa lokacin haihuwa daban take da buƙatar inuwa, kuma a cikin Nijeriya kaɗai akwai misalan da suka isa shaida. A tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba akwai wani nau'i da masana suke kira Pteridium, wanda yake mamaye tuddai a fili fetal babu inuwar komai, har ya zame wa makiyaya matsala saboda yana da guba ga shanun da suka yawaita cin sa. Abin da ya ba shi dama shi ne sanyin tsaunin da yawan ruwan sama da hazo. A fadamun gishiri na gaɓar teku, daga Legas zuwa yankin Neja Delta, akwai wani mai suna Acrostichum, da ganyensa mai kauri yake fin mutum tsawo, yana tsaye a rana tun safe har yamma saboda saiwarsa a cikin taɓo take dare da rana. Akwai kuma wani ɗan ƙarami mai suna Actiniopteris da ake samu a tsagar duwatsu a busassun yankunan Afirka da ƙasashen Larabawa da Indiya, wanda idan rani ya yi sai ya ƙanƙance ya naɗe kamar ya mutu, ruwa na sauka kuma ya buɗe ya koma kore. Duk ɗan wannan dangi da aka gani yana zaune lafiya a rana, to ɗayan uku ne: ko dai saiwarsa ba ta rabuwa da ruwa, ko iskar wurin tana da sanyi da laima, ko kuwa halittarsa ta tanadar masa dabarar bushewa ya farfaɗo.

Idan aka auna yankin Jega da Aliero da Maiyama da wannan ma'auni, za a ga inda gizo yake saƙar. Yankin yana kusa da layin digiri 12 a arewacin tsakiyar duniya, ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce kimanin milimita 800 ba, kuma kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu take kaɗawa daga Sahara, laimar iska da rana tsaka ta kan faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 100, sannan daga Maris zuwa Mayu bazara ta shigo da zafin da yake haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Kowane ganye yana sanyaya kansa ne ta hanyar fitar da tururin ruwa ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma muddin saiwa tana maye gurbin abin da ya fita, ganyen ba zai ƙone ba. Matsalar agugun ado ita ce ganyensa siriri ne, saiwoyinsa ba sa zurfi, kuma hanyoyin da suke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye a mafi yawan wannan dangi ba su kai na itatuwa masu fure saurin aiki ba. Shi ya sa tsiron da ya sha hasken watan Agusta ba tare da ya nuna gajiya ba yake iya ƙonewa a watan Janairu alhali yana cikin inuwar zaure, domin busasshiyar iska tana zuƙe shi fiye da yadda saiwarsa take iya shayar da shi. Bushewar iska da zafin ƙasar da saiwa take ciki su ne manyan masu laifi, rana kuma mai taimaka musu ce.

Mai son agugun ado a wannan yanki, saboda haka, yana da iyakar da ba zai ƙetare ba. Ranar safe, daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe 10, ita ce tsiron zai iya ɗauka, wanda ke nufin gindin katangar da take fuskantar gabas ya fi ko'ina dacewa, musamman idan wani shinge yana kare shi daga iskar arewa maso gabas. Ranar azahar zuwa la'asar kuwa, a watannin bazara, babu nau'in ado da zai daɗe a cikinta. Inuwar darbejiya ko mangwaro mai tace haske tana da kyau, amma saiwar waɗannan itatuwa tana shanye duk ruwan da aka zuba a gindinsu, don haka dasawa a tukunya ya fi dasawa a ƙasa. Tukunyar yumɓu ta fi baƙar roba ko leda, saboda baƙin abu yana tara zafi ya dafa saiwa, kuma wanda ya sanya tukunyar cikin wata babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya yi amfani da hikimar da malamin nan na Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yayata don adana tumatir da yalo, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙasar jigawa ita kaɗai ba ta riƙe ruwa, sai an cakuɗa ta da ruɓaɓɓen takin gida da ɓuntun shinkafar da ya daɗe, a kuma lulluɓe samanta da busasshen ganye. Takin yuriya yana ƙona saiwar, ruwan wanki mai sabulu yana kashe ta, amma gefen randa ko wurin da ruwan alwala yake gangarawa wuri ne da tsiron yake jin daɗinsa. Lokacin dashe kuma farkon damina ne, domin tsiron da aka rena a rumfar mai furanni ya samu watanni yana sabawa da haske kafin hunturu ya iso, kuma hanyar yawaita shi mafi sauƙi ita ce a raba gindin da ya cika tukunya gida biyu ko uku.

Game da zaɓen nau'i, wanda ya fi yawa a hannun masu sayarwa shi ne dangin Nephrolepis mai dogon ganye, kuma shi ma iri-iri ne. Wanda ake kira na Boston, da aka tsinta a Amurka a 1894, ganyensa yana sunkuyowa, ɗan inuwa ne tsantsa, yayin da wani ɗan asalin Ostareliya da ake sayarwa da sunan Kimberley Queen, mai miƙaƙƙen ganye, ya fi jure haske da bushewar iska. Akwai kuma ɗan gida daga wannan zuriya a dazuzzukan ciyawa na Afirka ta Yamma, wanda ganyensa yake mutuwa da rani, ya bar wasu ƙananan dunƙule-dunƙule a ƙarƙashin ƙasa su jira damina, kuma wannan ɗabi'a ta fi dacewa da ƙasar da take shafe wata bakwai babu ruwa fiye da ɗabi'ar baƙin da ake son su zauna kore shekara zagaye. Yana da kyau mai saye ya san cewa wani tsiro mai ganye kamar allurai da ake haɗawa da agugu a kasuwa, wanda kuma ya fi su duka jure rana, ba ɗan wannan dangi ba ne, ɗan'uwan tarkon ɓera ne, yana fure yana 'ya'ya. Wanda burinsa kawai ya ga kore mai laushi a bakin ƙofa, wannan zai fi yi masa arha da sauƙi. Jera agugun gaske a tsakiyar filin ofis kuwa, inda babu katanga babu itace, ɓarnar ruwa ce da kuɗi a garin da ake sayen ruwa a jarka.

Dangin agugun da suka saba da rana a irin wannan ƙasa ba a tudu suke ba, a fadama suke. Gulbin Zamfara, wanda a wannan yanki ake kiransa Gulbin Gindi, yana ratsawa ta gefen Jega kafin ya je ya haɗu da Gulbin Sakkwato, kuma idan ya janye bayan damina yana barin tafkuna da kududdufai da taɓo, waɗanda su ne mazaunin 'yan wannan dangi na ruwa. A gonakin shinkafa na Afirka ta Yamma akwai wani ɗan haki mai ganye huɗu a kan siririn tsinke, da masana suke kira Marsilea, wanda manomi yake cirewa a matsayin ciyawa ba tare da ya san ɗan'uwan agugu ba ne. Yana ajiye ƙurar haihuwarsa a cikin wani ƙwanso mai tauri da yake iya shekaru a busasshen taɓo yana jiran ruwa. Amma wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne azola.

Azola ɗan ƙaramin tsiro ne mai yawo a saman ruwa kamar kainuwa, sai dai ya fi ta ƙanƙanta ƙwarai, domin ganyensa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, a jere suke suna hawan juna, saiwoyinsa sirara kuma suna reto a cikin ruwan. Akwai nau'insa ɗan asalin Afirka da ake samu a ruwayen Nijeriya masu kwanciya. Abin da ya bambanta shi da duk sauran dangin shi ne, a cikin kowane ganye akwai wani ɗan kogo da wata ƙwayar halitta mai launin shuɗi da kore, daga jinsin bakteriya, take zaune, kuma aikinta shi ne kama sinadarin naitirojin daga iska ta mayar da shi abincin tsiro. Naitirojin shi ne sinadarin da manomi yake biya idan ya sayi buhun yuriya, shi ne mai sa ganyen shinkafa ya yi kore shar, kuma ko da yake kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa shi ne, tsirrai ba sa iya ɗaukarsa daga iska da kansu. Wake da gyaɗa ma suna da irin wannan haɗin gwiwa a saiwarsu, amma su kowace shuka sai ta nemi nata ƙwayoyin daga ƙasa, shi kuwa azola yana gadar wa 'ya'yansa abokiyar zaman tasa daga tsatso zuwa tsatso, ba sa rabuwa. Idan yanayi ya yi masa daidai yana ninka nauyinsa cikin kwana 3 zuwa 5.

Manoman Asiya sun riga masana gane wannan. Wani littafin noma na ƙasar Sin da Jiya Sishiye ya rubuta wajen shekara ta 540 Miladiyya ya ambaci tsiron, kuma a yankin Tai Bin na arewacin Biyetnam an yi ƙauyukan da sana'arsu ta gado ita ce renon irin azola su sayar wa manoman shinkafa idan lokacin dashe ya zo. Yadda suke yi shi ne su watsa shi a gonar da aka tare wa ruwa, idan ya rufe fuskar ruwan sai a rage ruwa a tattake shi cikin taɓo, ya ruɓe cikin 'yan makonni ya saki abin da ya tara. Bayan tashin farashin man fetur na 1973, wanda ya ja farashin takin zamani ya yi sama, cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta tattara nau'o'insa ta yi gwaje-gwaje a kansu, ita ma ƙungiyar bunƙasa noman shinkafa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1971, ta gwada shi a kwarin Kogin Senegal a shekarun 1980. Abin lura a wannan tarihi shi ne, a Sin da Biyetnam ɗin kansu noman azola ya ja baya daga shekarun 1980, lokacin da takin zamani ya wadata ya yi sauƙi, saboda renonsa yana cin aikin hannu mai yawa. Ke nan darajarsa tana hawa da sauka ne tare da farashin buhun taki.

A Jihar Kebbi kuwa farashin buhu ya zama babbar magana. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya faɗaɗa a fadamun jihar, buƙatar yuriya da kamfa ta ƙaru, sai kuma yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 da cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 suka tsauwala kuɗin taki da na man injin ban ruwa a lokaci guda. Lissafin da ya shafi azola mai sauƙi ne. Takin yuriya kashi 46 cikin 100 nasa ne naitirojin, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23, gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban kuma sun nuna cewa shimfiɗar azola ɗaya da ta rufe hekta guda, idan aka binne ta, tana ba da kimanin kilo 20 zuwa 40, wato wajen buhu ɗaya zuwa buhu ɗaya da rabi ko ɗan fiye. Wannan bai kai abin da shinkafar rani take buƙata ba, amma ragi ne da manomi zai ji a aljihunsa. Ƙari a kan haka, shimfiɗar tana hana haske isa ga ciyawar da take tsirowa ƙarƙashin ruwa, tana kuma rage yawan takin yuriyar da yake tashi iska bayan an watsa shi a gonar da ruwa yake kwance.

Duk da haka, wanda zai ce wa manomin Kimba ko na Mungadi a wannan yanki ya zuba azola a gonarsa gobe bai yi masa adalci ba, sai ya fara faɗa masa cikas ɗin, kuma cikas na farko shi ne tsarin ban ruwa. Azola yana son ruwa kwance mai zurfin 'yan santimita a kowane lokaci, manomin rani a wannan yanki kuwa yana jawo ruwa ne da inji daga rijiyar tiyo ko daga gulbi, ya cika fangali, ya kashe inji, ruwan ya tsotse kafin zagaye na gaba, kuma idan taɓon ya bushe ƙarƙashin rana azola yana mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Riƙe ruwa kullum don azola ya rayu yana iya cin man da kuɗinsa ya fi na takin da aka rage. Da damina kuma matsalar ta juya, domin ruwan gulbi idan ya cika yana kwashe duk abin da yake yawo a samansa, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a sassan jihar ya san cewa babu kunyar da take tare irin wannan ruwa. Gonakin da suka dace su ne na kwari masu ƙasar laka, inda ruwa yake daɗewa da kansa ba tare da gudu ba.

Cikas na biyu ya dawo da maganar rana. Azola ya fi bunƙasa tsakanin digiri 20 zuwa 30, girmansa yana raguwa sosai idan zafin ruwa ya wuce 35, kuma ya fi son rabin hasken rana ko ƙasa da haka a kan cikakkiyar rana. Idan haske ya yi masa yawa, ko sinadarin fosfaras ya ƙaranta a ruwan, sai ya rikiɗe daga kore zuwa ja, wanda alama ce ta cewa yana kare kansa kuma ya rage aiki. Ma'anar wannan a kalandar manomin Jega ita ce watannin Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da dare yake sanyi kuma ƙurar hunturu take rage kaifin rana, su ne kakarsa, kuma bushewar iskar da take kashe agugun tukunya ba ta yi masa illa sosai tunda a kan ruwa yake kwance. Daga Maris kuwa sai dai idan shinkafar ta riga ta yi tsawon da za ta yi masa rumfa. Fosfaras kuma dole ne a ba shi, domin abokiyar zamansa naitirojin kaɗai take samar masa, saboda haka ɗan takin sufa da ake barbaɗawa kaɗan-kaɗan yana cikin kuɗin da za a lissafa, haka nan tsutsotsi da dodon koɗi suna cin sa, musamman idan zafi ya tashi.

Hanyar da ta fi kusa da hannun talaka, bisa wannan, ita ce ƙaramin kududdufi a lambu ko a bayan gida, irin wanda masu kiwo a kudancin Indiya suka saba da shi. Ana haƙa rami marar zurfi mai faɗin mita 2 da tsawon mita 2, a shimfiɗa leda mai kauri, a baza tankaɗaɗɗiyar ƙasa kilo 10 zuwa 15, a dama kashin shanu kamar kilo 2 da ɗan takin sufa kimanin giram 30 a zuba, a cika ruwa zuwa santimita 10, sannan a watsa irin azola rabin kilo zuwa kilo 1. Cikin kwana 10 zuwa 15 yana rufe ramin, daga nan kuma ana iya kwasar kusan rabin kilo kowace rana, muddin ana ƙara taki da ruwa a kai a kai. A wannan yanki sai an ƙara masa rumfar zana ko ta karan dawa mai barin haske ya ratsa, a kuma kare shi daga kaji da agwagi, domin idan suka ɗanɗana ba sa barin ko ɗigo. Ana wanke abin da aka kwasa a gauraya da dusa a ba kaji da agwagi da awaki da tumaki, kifin karfasa ma yana cin sa, tarwaɗa kuwa ba ta cika damuwa da shi ba. Busasshen azola yana ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 20 zuwa 30 cikin 100, amma wajibi ne a faɗi ɗaya gefen, cewa ɗanyensa fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, don haka rabin kilon nan idan ya bushe bai kai giram 50 ba. Mai tallan da ya ce zai maye gurbin dusa da harawa ya wuce gona da iri. Ƙari ne mai amfani a watannin da ɗanyen haki yake wuya. Ga manomin albasa na Aliero, wanda gonarsa ba ta zama cikin ruwa, amfaninsa shi ne a zuba rarar a cikin tarin takin gida kafin dashe, ko da yake 'yan ramuka ba za su ciyar da hekta ba.

Akwai kuma hattara game da inda aka samo iri. Wani nau'in azola ɗan asalin nahiyar Amurka ya toshe madatsun ruwa da tafkuna a Afirka ta Kudu har sai da aka saki wani ƙwaro mai cin sa a 1997 kafin a shawo kansa, wani ɗan'uwansa mai yawo a ruwa da ake kira Salvinia kuma ya rufe sassan Kogin Senegal wajen 1999 zuwa 2000 bayan ya kuɓuce daga inda aka kai shi. Masunta da manoman Haɗejiya da Nguru da kachalla ta cinye musu hanyoyin ruwa ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da tsiron ruwa yake yi idan ya fi ƙarfin mutane. Nau'in gida da aka ɗebo daga tafkin yankin ya fi aminci a kan wanda aka yi odarsa ta intanet ba a san asalinsa ba, ya kuma fi sabawa da zafin ƙasar. Shi ma ramin bayan gida, idan azola bai rufe fuskarsa ruf ba, makwancin sauro ne, saboda haka ramin da aka daina kula da shi gara a zubar da ruwansa.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jihar, wadda aka kafa a Aliero a 2006, tana da gonar koyarwa da bincike a fadamar Jega, kuma babu wurin da ya fi ta dacewa da amsa tambayoyin da suka rage, tare da malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jihar, KARDA, waɗanda su ne suke isa ga manoma a ƙauyuka. Ana buƙatar a zaga tafkunan Gulbin Gindi bayan janyewar ruwa a tantance nau'in da yake akwai, a auna yawan da yake bayarwa a watan Disamba da wanda yake bayarwa a watan Afrilu, a kuma kwatanta kuɗin man da riƙe ruwa yake ci da kuɗin yuriyar da aka rage, a gonar laka da gonar yashi dabam-dabam. Mafi wuya a cikinsu ita ce matsalar ajiyar iri, domin azola ba a ɗaure shi a ƙullin tsumma a rataye a rumbu kamar irin albasa, a raye ake riƙe shi cikin ruwa, kuma duk wanda zai yi nomansa a hunturu mai zuwa sai ya samu inda tsiron zai tsallake watannin Afrilu da Mayu a ƙarƙashin inuwa mai kauri da ruwan da ake sabuntawa. A Biyetnam wasu ƙauyuka ne suka ɗauki wannan aiki ya zame musu sana'a, a nan kuma gonar jami'ar da 'yan lambunan da suke da rijiyar da ba ta ƙafewa su ne za su iya fara riƙe irin, su raba wa masu buƙata idan iskar hunturu ta fara kaɗawa.